Littafin Cefane: Wata Goma Sha Ɗaya Ina Bin Sawun Albashina

Asabar, 26 ga Oktoba, 2024

Da fitilar waya nake wannan rubutu. Tun farkon mako babu wuta a Bauchi, babu a Gombe, babu a Kano. An ce layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna aka lalata, wanda ake rage zafi da shi ta wajen Binuwai shi ma ya faɗi. Firiza ta narke, ɗan naman da muka ajiye sai da Maman yara ta soye shi tas jiya, zoɓo da ƙanƙarar da take sayarwa kuwa sun tsaya cak.

Ba duhun ne ya sa na sayi littafin nan ba. Watan jiya da aka koma makaranta na tsinci kaina a gaban teburin wani yaro a ofis, yaron da ni na koya masa yadda ake rubuta takardar neman hutu, ina sosa ƙeya ina tambayarsa ko da 60,000 a kusa zuwa ƙarshen wata. Ya ba ni, har da cewa, "Haba Oga, ai ba komai." Na biya shi da aka yi albashi, amma wannan "ba komai" ɗin har yau tana cina. Shekara 17 ina aikin gwamnatin tarayya. Ina da mota, ina haya a gida mai ɗaki uku da falo, in ana lissafa masu rufin asiri a unguwa da ni ake farawa, ga shi kuɗin makarantar 'ya'yana sai da rance.

Shi ne yau na biya kasuwar Wunti na sayi dogon littafi mai bango mai tauri, irin wanda masu shago suke rubuta 'yan bashi. Sharaɗi ɗaya muka yi da Maman yara: duk nairar da ta fita daga gidan nan, a rubuta ta a ranar.

Abin da yake shigo mini bayan an cire kashi 8 na fansho, da haraji, da bashin kofaretif da na ci a watan Agusta na biya haya, shi ne 285,000. Ita tana koyarwa, tana ɗaukar 90,000. Jimla 375,000. Mu shida ne, ni da ita da yara huɗu. Akwai ɗan ƙanwata da yake karatu a Poli yana kwana a ɗakin waje, amma shi baƙo ne, ban sa shi a lissafi ba.

Haya 550,000 a shekara. Makarantar yara huɗu 210,000 a kowane zango, sau uku 630,000, littattafai da yunifom kamar 120,000. In ina so in daina cin bashi a kan waɗannan biyun, sai na riƙa ware kusan 108,000 duk wata kafin a sayi ko gishiri. Saura 267,000 na ci da sha da mota da komai. Yau na sha litar mai a 1,100. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, ba ta kai 200 ba a farashin gwamnati.

Asabar, 30 ga Nuwamba, 2024

Lissafin wata na farko. Abinci 163,000, man mota 66,000, gas 17,000, katin wuta 9,000, 'yan ga-ruwa 8,000, kati da data 12,000, kuɗin tara da na Islamiyya 15,000, sabulu da ɗan magani 8,000. Ya kama 298,000. Asusuna kuwa babu komai, nata ma haka. Ke nan 77,000 sun yi ɓatan dabo, na haya da na makaranta ko sisi ba a ware ba.

Gaskiya zan rubuta tunda littafina ne: kicin na zarga. Shekara da shekaru a raina nake cewa kuɗin cefane ne yake zurarewa, ana zuba mai kamar a gidan biki, ana dafa abin da ba za a cinye ba. Bayan isha'i na fara zagaye-zagaye da maganar. Ba ta ce uffan ba, ta tashi ta ɗauko littafin ta buɗe shafinta. Ta rubuta har daddawar naira 100, har kuɗin markaɗe, har ashana.

"Malam, ga nawa. Kawo naka mu gani."

Nawa shafin rabinsa fari ne. Sai muka buɗe wayata muka bi alat ɗaya bayan ɗaya. Hajiya a ƙauye, magani da cefane, 25,000. Gudummawar auren 'yar wani abokin aiki, 10,000. Sunan maƙwabci, 5,000. Ta'aziyya a Misau, kuɗin motar da muka haɗa da ɗan abin da aka miƙa wa iyalan mamaci, 12,000. Takardun darasi na ɗan ƙanwata, 8,000. Matar ɗan kawuna da aka yi wa aiki wajen haihuwa, 10,000. Ya zama 70,000. Sauran 7,000 na san inda suka tafi: tsire sau biyu, da ɗari biyar-biyar ɗin da mutum yake zarowa in an tare shi a ƙofar masallaci.

Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce, "Ashe ɓeran ba a kicin yake ba."

Ba mantuwa ce ta hana ni rubuta su ba. Duk ranar da na tura wa Hajiya kuɗi na tuna da littafin, hannuna ne ya ƙi. An tashe mu a kan cewa abin da hannun dama ya bayar kada hagu ya sani, sai nake ganin in na rubuta sunan mahaifiyata a layi ɗaya da manja da omo kamar na yi mata gori ne, kamar ladan zai zube. Amma kuɗin bai san da wannan kunyar ba, fita yake yi ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Na ja sabon layi a littafin na sa masa suna "Zumunci".

Lahadi, 15 ga Disamba, 2024

Na ƙara cin bashin kofaretif, 300,000, za a riƙa cire 30,000 har wata goma. Albashi ya koma 255,000. Da kuɗin na je kasuwar Soro ranar cinta na yi abin da iyayenmu suke yi da kaka: masara buhu biyu a kan 62,000 kowanne, gero buhu ɗaya 68,000, wake rabin buhu 55,000. Dako da mota da buhunan adana hatsi, masu leda biyu a ciki da suke hana ƙwari numfashi, suka ci 15,000. Ragowar na sayi manja da man gyaɗa a kasuwar Muda Lawal.

Dalilina a fili yake. Da daminar da ta wuce da idona na ga buhun masara ya haura 80,000, muna awo mudu-mudu kamar masu sayen magani. Bana na riga su. Na dawo gida ina jin kaina, har na ce wa Maman yara ta rubuta ranar, watan Yuli za ta gode mini.

Wani ƙaramin abu da littafin ya tono: tun farkon watan nan, duk kuɗin da ya kai 10,000 da aka tura ta bankunan waya irin su OPay da Moniepoint ana cire naira 50 na gwamnati, kamar yadda ake yi a manyan bankuna. Haɗe da abin da mai POS yake karɓa duk cirewa, ya kusa 3,000 a wata. Yanzu sau biyu nake cire kuɗi a wata, ba kullum ba.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Zango na biyu, 210,000. Abin da na iya warewa a wata biyu 95,000 ne kacal. Na zauna ina jujjuya waya ina tunanin wa zan kira, sai ta shigo ta ajiye mini 120,000 a kan katifa, kwasar adashinta na makaranta. Na yi godiya na jawo littafi zan rubuta, ta dafa hannuna.

"Da jan biro za ka rubuta."

Na ce me ya sa?

"Malam, kai ka fi ni karatu. Ci da sha da sutura da wurin kwana a kan wa suke? Ban ce ba zan taimaka ba, 'ya'yana ne. Amma ranar farko ka ɗauki albashina ka haɗa da naka ka rubuta jimla, ko tambayata ba ka yi ba. Shekara tara ina sayen nama da kayan miya da takalman yara, ba ka taɓa sanin nawa ba ne. Ba biya nake nema ba. So nake ya fito a rubuce."

Raina ya ɗan sosu, don babu namijin da yake son a tuna masa wannan. Amma ba ta faɗi ƙarya ba. A shari'a dukiyar mace tata ce, ciyarwa wajibin miji ce. Na koma shafin farko na soke 375,000. In aka cire jan biro, wannan gida mai mota da firiza da yara a makarantar kuɗi ba zai kai ranar 20 ga wata ba. Na san gidaje da yawa a unguwar nan da haka suke, maigida yana fita da babbar riga, malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya ko mai sayar da turaren wuta tana riƙe da ƙasan tukunyar.

Daren nan muka tayar da maganar da muke ta kauce wa: a mayar da yaran makarantar gwamnati mana. Ni a makarantar gwamnati na yi karatu tun daga firamare, kuma ba a fi ni rubutu ba a ofis. Ita kuma a cikinta take koyarwa, ta ce ajinta yara sun fi 80, rabinsu a ƙasa suke zaune, duk ƙoƙarinta ba ta iya duba littafin kowa a mako. Na ce to a fara da ƙananan biyu. Ta ce ƙananan ne ma suka fi buƙatar a zauna a kansu su iya karatu. Na ce to manyan. Ta ce babbar tana aji biyar na sakandare, saura shekara guda ta zana jarrabawar fita, yanzu za a tumɓuke ta? Muka yi shiru. Akwai dalili na uku da babu wanda ya furta a cikinmu, wato abin da za a ce a unguwa da cikin dangi. An bar su inda suke.

Inda muka samu sauƙi mota ce. Maƙwabcina 'ya'yansa biyu makarantarsu ɗaya da nawa, kullum motoci biyu suna bin juna a hanya ɗaya. Muka shirya mako ni, mako shi. A makon da ba nawa ba, Keke Napep nake hawa zuwa ofis. Zuwa majalisa da yamma kuma da ƙafa.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Mai ya sauko daga lita 60 zuwa 38 a wata. Abinci ya koma 125,000 tunda tuwo da kunu daga ɗaka suke fitowa. Data kuma ta tashi, tunda hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a watan jiya; na cire wayar babban yarona daga lissafi, ya riƙa jona ta uwarsa.

A makon nan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta koma kashi 24.48 a Janairu daga 34.80 a Disamba, saboda an sauya shekarar da ake awo da ita. A ofis wani ya ce shi ma zai je ya sauya wa mai shagon unguwarsu shekarar awo.

Na sa wa layin Zumunci iyaka, 45,000 a wata. Yau 22 ga wata ya riga ya kai 51,000.

Asabar, 22 ga Maris, 2025 (22 ga Ramadan)

Tun ƙarshen Fabrairu aka rufe makarantu a jihar nan saboda azumi, sai bayan Sallah. Mota tana hutawa, tukunya ba ta hutawa.

Abin da ban taɓa gani ba tun da na yi aure: azumi ya kama, hatsi yana sauka. Jiya a Muda Lawal na tambayi masara don in ji daɗi, aka ce mini 50,000, in da gaske nake za a rage. Tawa da na saya 62,000 da kuɗin bashi tana jingine a sito. Na tambayi wani dattijo mai awo, ya ce, "Alhaji, kaya ne suka yi yawa. An buɗe wa na waje ƙofa, waɗanda suka ɓoye kuma tsoro ya kama su suna ta fitarwa." Tun watan Yulin bara gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150, na ji a rediyo a lokacin, ban kawo cewa zai biyo ni har sitona ba. Maman yara ba ta ce komai ba. Ta dai tambaye ni ko har yanzu watan Yuli za ta yi godiyar.

Duk da haka ban yi nadama can ba. Ko nawa masara ta koma, tsakiyar wata ba na jin faɗuwar gaban nan ta "garin tuwo ya ƙare". Asarar tana kan takarda, kwanciyar hankalin tana cikin gida. Sai dai baɗi ba zan ci bashi don in yi caca da kasuwa ba.

Kayan Sallah: kowane yaro kala ɗaya, ba biyu ba. Ni zan wanke ta bara. Ɗinki kaɗai ya ci 34,000. Ankon dangin Maman yara na bikin bayan Sallah ta ce ba za ta yi ba, ta faɗa musu da bakinta, kuma an yi mata maganar da ta kwana biyu ba ta sake ba.

Na auna zakkar fidda-kai tun yanzu na ware, gero, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum. Ni, ita, yara huɗu, Hajiya tunda ciyar da ita a kaina yake, sai ɗan ƙanwata da na kasa tsallakewa don tukunyarmu ɗaya shekara biyu. Takwas. A shafin farko na rubuta mu shida ne.

Asabar, 19 ga Afrilu, 2025

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Auta ta kwana uku a asibiti da zazzaɓin cizon sauro. Ita da sauƙi, tana cikin inshorar lafiya ta ma'aikata, wadda take ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, mutum ya biya kashi 10 na kuɗin magani. Allurai biyu aka ce babu, na saya a waje, duka dai 14,000.

Ana sallamarta aka kira ni daga ƙauye, jinin Hajiya ya hau har ta faɗi. Na ɗauko ta. Gwaje-gwaje, gado, magani na wata guda, 96,000, babu inshora ko ta sisi. Takardar inshora irin lissafina na farko take yi, gida mutum shida ne. Kuɗin zango na uku da na tara aka taɓa. Na je na roƙi makaranta in biya sau biyu, suka yarda.

Lahadi, 11 ga Mayu, 2025

Yau na yi abin da na shekara goma ina jin nauyinsa. Ƙanena da yake sayar da kayan gyaran mota a Jos ya zo duba Hajiya, ƙanwata uwar yaron da yake wurina ita ma ta zo daga Darazo. Bayan la'asar na kira su falo, na ɗauko littafin na buɗe layin Zumunci, na nuna musu abin da ya shafi Hajiya kaɗai daga Nuwamba zuwa yau. Muryata har rawa take yi, don a gidanmu babba ba ya kuka a gaban ƙannensa.

Ƙanena ya bi lambobin da yatsa, ya koma shafin farko ya ga albashin, ya ɗago.

"Yaya, wannan ne duka abin da kake ɗauka?"

Na ce shi ne.

"Wallahi mun ɗauka kai ba ka da matsala. Ma'aikacin tarayya, ga mota, ga yara a makarantar kuɗi. Ni in na tashi aika wa Hajiya abu sai in ga kamar raini ne, me zan ba ta da Yaya bai ba ta ba?"

Ya faɗi abin da shagonsa yake kawowa a wata mai kyau. Ya fi albashina. Shi yana hawa babur yana zaune a ɗaki biyu, babu mai kiransa in an kwantar da wani a asibiti. Ni da na sa rigar manya, ni ake kira. Ban ga laifin kowa ba, ni na ɗinka rigar, ni nake goge ta kullum da safe.

Muka tsayar: shi 20,000 duk wata, ni 15,000, ƙanwata za ta riƙa kai mata hatsi da itace tunda ita ce kusa, kuma za ta riƙa aiko wa ɗanta kuɗin takardu. In ciwo ya taso a raba biyu ni da shi. Da za su tafi ƙanwata ta tsaya a zaure ta ce, "Yaya, da ka faɗa tun tuni." Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Asabar, 7 ga Yuni, 2025

Jiya aka yi Babbar Sallah. Raguna sun yi tsada bana, dillalai suna cewa Nijar ta hana fitar da dabbobi tun watan jiya. Wanda na saba saye, matsakaici mai ɗan ƙaho, an ce 230,000. Abokan aiki sun haɗa kuɗin sa su bakwai suka ce in shigo. Na tambayi limaminmu, ya ce a mazhabar Malikiyya ba a tarayya a kuɗin dabbar layya, ko da yake wasu malamai sun halatta mutum bakwai a kan sa ko raƙumi. Na zaɓi in tsaya inda na tashi. Na sayi tunkiya lafiyayya wadda ta shekara, 95,000, rabi daga wani ariyas da ya shigo.

Babban yarona, mai shekara 13, ya ƙi fita da ita kiwo. Yaran layinmu suna jan raguna suna gwada ƙaho, shi ya ɗaure tamu a bayan gida inda ba mai gani. Da daddare na same shi na ce layya ta yi ko ba ta yi ba? Ya ce ta yi. Na ce to me ya rage? Ya ce, "Abba, ai ka sani." Na sani ɗin. Abin da ya hana shi fita da tunkiya shi ya hana ni cire shi daga makarantar kuɗi, ban da bakin yi masa faɗa.

Asabar, 26 ga Yuli, 2025

Mai gida ya aiko: haya ta koma 700,000 daga Agusta. Na je na same shi da kaina, muka yi ta ja, ya ce siminti, na ce albashi. An tsaya a 650,000, in ba da 400,000 yanzu, 250,000 a Disamba. Tsohon bashin haya yana ƙarewa a watan gobe, zan ɗauki sabo na 300,000 in cika da 100,000 da na tara. Bara duka na ranta. Ci gaba ne, ko da na mai haƙar rijiya ne.

Na nemi ya riƙa ba ni rasit, ya yi mamaki. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni, wadda za ta fara aiki a Janairun 2026, ta ce za a cire wa ɗan haya kashi 20 na kuɗin hayarsa daga abin da ake yi wa haraji, iyaka 500,000. Nawa zai kama 130,000. Ba kuɗi za a ba ni ba, harajin ne zai ɗan ragu, amma wanda ya rubuta daddawar naira 100 ba zai bar wannan ba.

Yuli ta zo, ba a yi mini godiya ba. Masara tana ƙasa da yadda na saya. Buhu na biyu muke ci, ko ƙwaro ɗaya babu.

Asabar, 27 ga Satumba, 2025

Littafin saura shafi uku.

An koma makaranta, an yi ƙari, 245,000 a zango, littattafai da yunifom 130,000. Na biya 280,000 daga asusun da na ware, ta cika 95,000 da jan biro. Ban je teburin kowa ba. Yaron nan na ofis ya gaishe ni ranar Litinin, na amsa ina kallon idonsa. Gaba akwai cikon haya a Disamba, ga babbar ta shiga ajin ƙarshe, kuɗin WAEC da NECO da JAMB suna tafe, ban san inda za su fito ba tukuna.

Na tara layukan wata goma sha ɗaya. Abinci ne kan gaba, sai makaranta. Na uku ba haya ba ce, ba mota ba ce. Zumunci ne, 610,000, ban da asibitin Hajiya. Ya fi hayar da na biya bara. Jan biro kuwa, da albashinta da adashi da ribar zoɓo, ya haura miliyan ɗaya. Na nuna mata jimlar, ta duba ta ce in ajiye littafin inda yara ba za su yaga ba.

Iyakar 45,000 sau uku kawai na iya tsayawa a kanta. Abin da ya sauya shi ne yanzu ina iya cewa "wannan watan ya cika, sai mai zuwa," kuma ban ga wanda ya daina gaishe ni ba, in ban da mutum ɗaya.

Da safe na leƙa kasuwa. Sabuwar masara ta fara shigowa, buhu bai kai 40,000 ba. Na yi hamdala a fili, har na fara lissafin buhu biyu ba tare da bashi ba in an yi albashi. Ina shiga gida ɗan kawuna ya kira daga ƙauye, wanda aka yi wa matarsa aiki bara. Bayan gaisuwa ya ce ya ci bashin taki da damina a kan zai biya da kaka, yanzu buhun masara ba ya sayen buhun taki, mai taki kuma ya zo har gida sau biyu. Ko da 20,000.

Na duba layin, saura 6,000 a watan nan. Na ce masa ya ba mutumin haƙuri zuwa ranar Laraba. Na aiki babban yarona Wunti ya sayo sabon littafi da jan biro guda biyu, ya dawo ya ce littafin ya zama 2,000. A shafin farko na rubuta Oktoba, na rubuta mutum takwas, a ƙarƙashin Zumunci na sa 20,000, taki.